Igiyar Kawu

Da ruwan famfo aka yi wa Kawu wanka. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana haƙa wa mutanen Matamaye rijiya, ranar da ya rasu sai da aka tura kura da jarkoki zuwa famfon unguwa kafin a sami abin wanke shi. Rijiyarsa tana nan bayan gida, inda fadama ta soma, an ɗora mata tsohon kwanon rufi a baki. Duk wanda ya shigo gaisuwa ya ga jarkokin a jere a gindin katanga, kuma babu wanda ya ce uffan a kansu.

Ina cikin gida tare da mata, amma zauren ba shi da nisa, ana jin maganar maza sarai. Na ji wani dattijo ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Mutum ne mai amana, sai dai in ya kafe a kan abu, to sai haƙuri." Wani ya amsa masa, "Ai har ya koma ga Allah bai yarda odinata ta fi igiyarsa ba." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan mutuwa idan zama ya yi tsawo, sannan liman ya ja fatiha ya rufe maganar.

Alhajin da ya fi kowa injinan ban ruwa a fadama ya zo da hantsi, ya yi kuka har da shessheƙa. Na so a ce kukan ƙarya ne, da na sami wanda zan tsana cikin sauƙi. Amma na gaske ne, don Kawu ne ya haƙa rijiyar gidan ubansa. Matan unguwa kuwa, duk wadda ta gaida Inna, matar Kawu, sai ta juyo ta kama hannuna ta ce, "Ke ce ɗiyar da ya riƙa ko? Allah sarki, ba shi da magana sai taki." Duk lokacin da aka faɗi haka Inna ba ta ɗaga kai. Tasbaha kawai take ja.

Garin nan ya binne Kawu a matsayin tsoho mai kirki wanda ya yi kuskure ya ƙi janyewa. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne, bai yi kuskure ba. Ni na yi, da kalma ɗaya da na buga a odinata, na'urar da wasu ke kira kwamfuta. Na gane haka tun kafin ya kwanta ciwo, kuma ban gaya masa ba.

Yayan mahaifiyata ne. Ta rasu ina 'yar shekara shida, ya zo ya ɗora ni a bayan kekensa, ƙunshin kayana a gaba, ya kawo ni wurin Inna ya ce, "Ga ƙari." Iyakar jawabinsa ke nan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma ban taɓa ganin farcensa babu jar laka a ciki ba, ko ranar Sallah. Idan yana haƙa, yakan ɗebo ƙasar gindin rami ya ɗora a harshe ya ce saura kamu kaza a tarar da ruwa, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Ba ya barin kowa ya sauka tsohuwar rijiya sai an fara zura fitila a kunne. In ta mutu a hanya, babu mai shiga, ko da mai rijiyar zai yi ta kumfar baki har la'asar.

Magana ba ta dame shi ba, amma yana da tambaya guda da ta ishi kowa a gidan. Duk labarin da aka kawo masa, sai ya ce, "Ka leƙa?" A ce masa wata rijiya ta rufta a Ɗan Barto, ya ce, "Ka leƙa, ko gaya maka aka yi?" Inna ta ce hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu, ya ce, "Kin leƙa?" Ita kuma ta ce, "A'a Malam, mafarkinsa na yi." Ɗansa guda, abokin wasana, ya iya kwaikwayonsa har da ɗaga gira. Muna yara, in na ce tuwo ya yi sanyi, sai ya kumbura murya ya ce, "Kin leƙa?" mu yi ta dariya har Inna ta kore mu.

Alherin da ya yi mini mafi girma shi ne ya hana ni taɓa guga. 'Yan matan unguwa sai sun cika tuluna kafin su tafi lakwal, wato makarantar boko, ni kuwa ina zaune a tabarma ina bitar darasi. Inna ta yi ƙorafi ba sau ɗaya ba. "Malam, za ka ɓata yarinyar nan. Ɗiya mace a ce ba ta san bakin rijiya ba?" Shi kuwa amsarsa ba ta canzawa: "Hannun nan na bik ne, na rubutu. Ta san bakin lakwal, ya isa." Haka na girma a gidan mai haƙar rijiya ban san yadda ake zura igiya ba, kuma ina taƙama da hakan a gaban ƙawayena.

Akwai wata igiya da ba ta guga ba ce. Ta rama ce, ta yi baƙi don tsufa, da ƙulli a kowane kamu, da guntun ƙarfe ɗaure a ƙarshenta. Kowace Alhamis, daga sallar asuba, kafin kowa ya jefa guga ya dama ruwan, Kawu yakan rataya ta a kafaɗa ya bi rijiyoyin fadama ɗaya bayan ɗaya, tun daga bayan gidanmu har kusa da hanyar Tsauni. Da hantsi ya dawo, ya zauna a zaure ya rubuta lambobi a kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya taɓa neman ya gani. Idan littafi ya cika sai ya jefa shi a adaka ya sayo wani. Na ga fitarsa da dawowarsa sau ɗaruruwa, amma ban taɓa ganin abin da yake yi a tsakani ba.

Na yi karatu har jami'a, na ƙware a ƙididdiga, na sami aiki a Damagaram a wani furoje, shirin tallafi da ke raba wa masu lambu injinan ban ruwa don noman rake da albasa. Ranar da na fara aiki Kawu ya zagaya unguwa yana gaya wa mutanen da ba su tambaye shi ba. Kashin farko na injinan ya sauka a fadamarmu, rake ya yi kauri, masu injina suka yi fes. Bayan rani biyu ko uku, Kawu, wanda a lokacin shi ne shugaban kwamitin rijiyoyin fadama, ya fara cewa ruwa yana sauka.

A ƙofar masallaci suka yi da Alhaji, kuma har yau ana ba da labarin. Alhaji ya ce, "Malam, mu faɗi gaskiya. Ka ga an koma dasa bututu, an daina kiranka haƙa, shi ne abin ya tsaya maka." Kawu ya ce, "Ni na ƙoshi da haƙa, Alhaji, bayana ma ya ƙoshi. Ruwan nake gaya maka. Inji yana sha a yini abin da guga ba ya sha a wata. Kai za ka ƙara bututu ka bi shi ƙasa. Mai guga fa, da me zai bi shi?" Alhaji ya kaɗa riga ya tafi, suka yi wata biyu ba sa gaisawa.

A lokacin ana shirin kawo kashi na biyu na injinan, wanda ya ninka na farko. Shef ɗinmu, wato shugaban furojen, ya ce ba zai tsayar da aiki don maganar baki ba, in akwai hujja a kawo. Kawu ya ce hujja tana cikin adaka, kuma yana da ɗiya da ta iya karanta ta. Na zo Matamaye wata Laraba a motar aiki. Da kansa ya jero mini littattafan bisa shekaru, ya ɗaure su da tsumma. Sannan ya ce, "Gobe Alhamis. Ki kwana, mu fita tare ki ga yadda nake yi, sai ki tafi da su."

Na ce, "Kawu, mota za ta koma da la'asar. Lambobin sun ishe ni."

Ya dube ni kaɗan ya ce, "To."

Bari in faɗi abin da na yi da lambobin, yadda wanda bai taɓa zama gaban odinata ba zai gane girman wautar. A aikinmu, idan ana so a san ko abu ya canza, ana kafa zato biyu. Na farko kullum shi ne babu abin da ya canza, wato lambobin bayan zuwan injina daidai suke da na kafin zuwansu. Na biyu shi ne abin da kake tuhuma, muna kiransa madadin zato. A manhajar da muke rubuta wa umarni, madadin iri uku ne: ko lambobin sun ragu, ko sun ƙaru, ko kuwa sun bambanta ta kowane gefe. Wanda ka rubuta, shi kaɗai za ta nema. In ka ce ta duba raguwa, to ko lambobin sun ninka ba za ta gaya maka ba. Iyakarta ta ce ba ta ga raguwa ba.

Abin takaici, in ba ka rubuta komai ba, da kanta take duba gefe biyun. Ni ce na ga na fi ta wayo. An koya mana cewa duba gefe ɗaya ya fi saurin kama abu idan ka san inda ya nufa, ni kuwa ina so Kawu ya ci. Kawu ya ce ruwa yana raguwa, don haka na rubuta mata ta nemi raguwa. A raina, kowace lamba a littafinsa yawan ruwan da ke cikin rijiya ce. Ban tambayi kowa ba, don ban ma san akwai abin tambaya ba.

Amsar da manhaja ke bayarwa lamba ce tsakanin sifiri da ɗaya. In ta fito ƙarama ƙwarai, zaton farko ya faɗi, tuhumarka ta tabbata. Tawa ta fito dab da ɗaya. Na sake bugawa, na bi lambobin layi-layi ko na yi kuskuren kwafa, ban yi ba. Har na lura lambobin shekarun baya-bayan nan sun fi na dā girma, na ce a raina ashe ruwan ma ƙaruwa yake, tsufa ne ya kama Kawu. Na ji tausayinsa. Wannan tausayin, in na tuna shi yanzu, ya fi komai ƙona mini rai.

Aka kira taro a filin meri, ofishin magajin gari, ƙarƙashin rumfa. Shef ya ce ni zan karanta, tunda 'yar gida ce, ba wanda zai ce an yi son kai. Na sha sabuwar atamfa, na karanta rahoto da Faransanci, na fassara. Kawu yana zaune a tabarmar gaba, hularsa a gwiwa. Da na gama, Alhaji ya ce, "Malama, ki bar mu da dogon bayani. Ruwa ya ragu ko bai ragu ba?"

Na ce, "Odinata ba ta ga raguwa ba, Alhaji. Lambobin Kawu ba su sauka ba. Hawa ma suke yi."

Kawu ya ɗago kai da sauri ya dube ni. Na ga bakinsa ya buɗe. Na san tambayar da ke zuwa, har na shirya mata amsa. Bai yi ta ba. Ya dubi shef, ya dubi jama'a, ya sake dubana, sannan ya mayar da hularsa ya ce, "To, na ji. A ba ni littattafaina."

Kafin wata ya ƙare an sauke shi daga kwamiti. Aka laƙaba masa suna, Malam Ruwa-ya-gudu, har masu shayi a tasha suna kiransa haka in ya wuce. Injina suka zo, aka yi shekaru ana lodin rake, ni kuma aka ƙara mini girma a wurin aiki. Sannan rijiyoyin masu guga suka fara ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Aka ce damina ce ba ta yi kyau ba, ai rahoto ya riga ya wanke injina. Masu injina suka ƙara bututu suka bi ruwan ƙasa, kamar yadda ya faɗa a ƙofar masallaci. Masu guga suka bar lambunan da suka gada suka shiga motar Kano. Babu wanda ya dawo ya ce Malam ya faɗa. Mutanen garinmu sun fi son su yarda da sama ta hana ruwa da su yarda sun yi wa tsoho dariyar banza.

Shi kuwa bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. In na zo, sai ya aika a yanko mini rake, ya zauna yana kallona ina sha, yana tambayar lafiyar aiki. Bai sake ɗauko maganar ruwa a gabana ba. Kuma bai fasa fitar Alhamis ba.

Wata Babbar Sallah na tarar da ɗan Kawu a tsakar gida. Shi tun dā can kowane rani a Kano yake yinsa, bai halarci taron nan ba, labarinsa kawai ya ji. Yana zaune yana ɗaura sabuwar farar igiyar leda a jikin tsohuwar baƙar, yana yi mata ƙulli kamu-kamu. Na ce, "Kai kuma, Kano ta kore ka ka koma tufka?"

Ya ce, "Baba ne ya ce in ƙara masa. Tsohuwar ta daina kaiwa."

"Kaiwa ina?"

"Ga ruwa mana, Malama mai odinata. Rijiyar da dā ƙulli goma sha biyu ƙarfen ya taɓa ruwa, yanzu ya zura ashirin bai ji komai ba."

Na ce, "Tsaya. Ba yawan ruwan da ke ciki yake aunawa ba?"

Ya yi dariya. "Wa ya gaya miki? Daga baki yake ƙirgawa zuwa inda ƙarfen ya taɓa ruwa. Ya ce jiƙaƙƙen gefe ba abin yarda ba ne, don laka ce a ƙasa, yau ta taru gobe an yashe ta. Busasshen gefen yake rubutawa. Ke anya a gidan nan kika girma?"

Ban ci naman Sallar nan ba. Lambobin Kawu tsawon busasshiyar igiya ne. Duk lokacin da lamba ta hau, ruwa ne ya yi nisa. Abin da na miƙe a gaban gari na faɗa don in kayar da shi, shi ne ainihin hujjarsa.

Da na koma Damagaram na buɗe tsohon aikin, na goge kalmar raguwa na rubuta ƙaruwa, na danna. Lambar ta fito ƙarama har sai da na ƙirga sifirorin da ke gabanta. Na goge kalmar gaba ɗaya na bar manhaja ta duba gefe biyu, amsar ba ta canza ba. Odinata ba ta yi ƙarya ba, ko a karon farko. Abin da na tambaye ta ta amsa. Da na bar ta yadda take, ko da na kwana ranar Larabar nan, da ba a kawo kashi na biyu ba, ko aƙalla da an yi gardama ta gaskiya.

Na fitar da sabuwar amsar a takarda na kai wa shef. Ya karanta a tsaye, ya miƙo mini ya ce, "Dosiyen nan, takardun fadamar duka, an rufe shi tuntuni. Kuma ki duba da kyau, sa hannunki ne a ƙasa, ba nawa ba." Na fita ina jin haushinsa, amma bai faɗi ƙarya ba. Na ninke takardar na sa a jaka, ta yi shekara biyu a nan.

Sau uku na zo Matamaye da niyyar gaya wa Kawu. Zuwan farko na ce akwai baƙi. Na biyu na ce ba ya jin daɗi, kada in tayar masa da hankali. Na uku ya riga ya kwanta, ƙafafunsa sun kumbura, yana kan tabarma a inuwar ɗaki. Na zauna kusa da shi, jakar a cinyata. Na ce, "Kawu, maganar nan..." Ya juyo gaba ɗaya ya zuba mini ido, yana jira. Ban taɓa ganin ya jira magana haka ba. Sai na ji bakina ya ce, "Maganin da likita ya ba ka, kana sha kuwa?"

Ya ce, "Ina sha." Ya mayar da kansa bango.

Tsoro ne, ba wani abu ba. Ina tsoron aikina, ina tsoron 'yan tasha su laƙaba mini nawa sunan, kuma fiye da duka ina tsoron idonsa in ya gane ɗiyar da ya hana taɓa guga ita ce ta ƙafar da rijiyarsa. Na yi ta gaya wa kaina bai sani ba, kuma rashin sanin rahama ce a gare shi.

Bayan sadakar bakwai, da mata suka watse, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta jawo igiyar daga ƙarƙashin gado, baƙa da farar da aka ƙara mata, ta ɗora littafin ƙarshe a kai ta tura mini. Ta ce, "Ya ce a ba ki."

Na ce, "Inna, akwai abin da ya kamata in gaya masa ban gaya masa ba."

Ta ce, "Cewa kin juya lambobinsa? Ya sani."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar taron. Ya shigo ko takalmi bai cire ba ya ce mini, yarinyar nan ta ɗauka jiƙaƙƙen gefe nake ƙirgawa. Na ce to ka koma ka faɗa mana, mutane ba su watse ba. Ya ce a gaban shef ɗinta? A gaban gari? Ya ce in ya buɗe baki, dariyar da za a yi masa ke za a yi wa, kuma aikin da kika fara jiya-jiya ya ƙare. Ya ce shi ya gama cin sunansa, ke yanzu kika fara."

Na ce, "To bayan taron fa? Me ya hana ya kira ni gefe?"

"Ya ce laifinsa ne, shi ya hana ki rijiya. Ya ce kina da ilimi, za ki gano da kanki, kuma ranar da kika gano za ki zo ki faɗa, ki gyara takardar da hannunki, babu wanda ya tilasta ki. Duk zuwan da kika yi, in kin tafi sai ya ce mini, ba ta kai ba tukuna. Zuwanki na ƙarshe kuwa bai ce komai ba."

Ta ɗauki tasbaharta, ta ajiye. "Ki ji ni da kyau, ɗiyata. Ya zaɓe ki a kan fadama, da lambunan mutane a ciki. Na gaya masa bai kyauta ba, kuma har ya rasu ban janye ba. Shi ma abin ya ci shi, don kowane mai guga da ya bar gari sai ya raka shi tasha ya dawo ya ƙi cin abinci. Shi dai Allah ya yafe masa. Ke kuwa, kuskuren na yafe miki tun ranar. Shirun ne ban yafe ba tukuna."

Ban roƙe ta ba, don ba ni da bakin roƙo. Ina jin haushin garin nan da ya yi masa dariya a raye ya kuma yi masa a zaurensa. Ina jin haushin shef, da Alhaji da hawayensa na gaskiya. Har shi Kawun ina jin haushinsa, da ya ɗora mini amanar da ban cancanta ba, ya zauna yana jira. Amma duk in na gama zagayen, kaina nake dawowa.

Na ba ɗan Kawu wannan rubutu tare da takardar da ta shekara biyu a jakata, don ya karanta a zaure ranar sadakar arba'in, a gaban waɗanda suka yi dariya, da sunana a ƙasa. Kwafi ɗaya na kai meri, ɗaya na kai inda rahoton farko yake ajiye. Na san ba zai dawo da ruwa ba, kuma wanda ya fi kowa cancantar ji ba ya nan. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi fiye da yadda ya shayar da mu.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan maganata da Inna, na yi sallar asuba na rataya igiyar a kafaɗa. Na ɗage kwanon da ke bakin rijiyar bayan gida, na zura ƙarfen, ina sakin ƙulli ɗaya-ɗaya ina ƙirgawa kamar mai koyon lissafi. Baƙar ta ƙare, farar ta shiga. Can na ji ƙarfen ya daki ƙasa, da ƙara irin ta dutse a kan busasshen tabo. Na jawo ta duka na shafa ƙarshenta, ko danshi babu. Na buɗe littafin in rubuta, na ga shafukan ƙarshe duk haka suke a layin wannan rijiya: kwanan wata da hannunsa, sai fili.

Na durƙusa na dafa bakin rijiyar na sa kaina ciki.

Na leƙa, Kawu. Kai ne da gaskiya.